Majanyin Karen Na Allah

Gardamar da Na Allah ya sha kashi a cikinta, wadda har ya bar duniya ba a daina yi masa dariyarta ba, a tashar Mayahi aka fara ta, ranar kasuwa, shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki. Kuma ba wani ƙaton namiji ne ya kayar da shi ba. Hindu ce, taubashiyarsa, ɗiyar kawunsa, mai sayar da fura, 'yar gajeruwar mace wadda in ta buɗe baki jaki kan dakata da kukansa ya saurara.

A lokacin mota ɗaya tak ke zuwa ƙauyensu, can wajen Alasan Mairairai, ita ma sai ranar kasuwa. Bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake loda mutane da buhuna da awaki gaba ɗaya, kuma Iliyasu ɗan Hindu ne shofer ɗinta. Mota ta wani ɗan kasuwa ce, tuƙi na Iliyasu ne, amma mulkin cikinta kowa ya san na uwarsa ne. Ita ke cewa wa zai zauna ina. Ko sunan ɗan nata ta daina kira tun ran da ya samu takardar tuƙi, sai dai "Shofer", da ƙarfi, don duk tasha ta san wadda ta haife shi.

Ran nan da la'asar ana cikin lodi sai ga Na Allah ya taho, dogo siriri, da taikin fata a kafaɗa, wani jan kare mai dogayen ƙafafu na biye da shi. Sunan karen Tsinke, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba.

"Tsaya nan!" in ji Hindu. "Wanga abin da ke bayanka, ina za shi?"

"Gida za shi, kamar kowa. Da ƙafa muka zo tun safe, ya gaji."

"Ya gaji! Ku ji mini, jama'a, kare ya gaji. To in dole sai ya hau, ka ɗaure shi."

"In ɗaure wa? Tsinke? Hindu, wanga kare ya fi rabin mutanen motar ga jin magana. In na ce masa zauna, ko tsire aka gitta masa ba shi motsi."

"Kai da aka yanka wa rago ba ka jin magana, bare abin da ka tsinto a juji."

Na Allah ya juya wajen karen ya ɗaga yatsa ɗaya. "Zauna!" Tsinke ya zauna. "Kwanta!" Ya kwanta. "Gaida Hindu!" Kare ya ɗora haɓa a ƙasa yana kaɗa wutsiya. Tasha ta kaure da dariya, har Iliyasu ya juya baya don kada uwarsa ta ga haƙoransa. Na Allah ya hau mota yana hura hanci kamar wanda aka naɗa sarkin kanto, karensa ya zauna tsakanin ƙafafunsa ba ko zare a wuya. Hindu ta jawo ƙwaryar sauran furarta ta ajiye a gabanta, ta ce, "To. Hanya da tsawo."

Hanyar ma ba ta yi tsawon ba. Suna barin gari, mota ta ɗauki gudu a kan rairayi, sai wani zomo da Allah ya aiko ya tashi daga gindin sabara ya gilma. Na Allah dai ya ji iska ta wuce tsakanin gwiwoyinsa. Ƙafar baya ta Tsinke ta sauka tsundum cikin ƙwaryar Hindu, ta gaba ta taka kan Ɗan Malam, wani dattijon ƙauyensu da ke gyangyaɗi da tasbaha a hannu. Rawanin dattijo ya warware ya bi kare, kare ya bi zomo, su biyun suka fice daga mota. "Zauna! Zauna!" Na Allah ke ihu, amma wa yake faɗa wa? Kare ya riga ya dira ƙasa ya yi ƙundumbala uku, ya tashi da ƙafa ɗaya na lilo.

Hindu ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba mutane tsoro ke nan. Fura na ɗiga daga girarta, ta ƙwanƙwasa rufin kabin ta ce, "Shofer, tsaya." Mota ta tsaya. Ta dubi Na Allah cikin natsuwa. "Taubashi, sauka ka ce masa ya gaishe ni."

Ya sauka. Motar ba ta jira shi ba. Haka ya saɓa kare mai karyayyar ƙafa a wuya kamar makiyayi da ɗan tunkiya, ya taka har gida, matan da ke bakin rijiya suna tambayarsa ko suna za a yi.

Shi Na Allah manomi ne kamar kowa, amma abincinsa na gaske a yatsunsa yake. Yana tufka igiyar kaba, yana gyaran wasakin rijiya, kuma tun yana saurayi, a cin ranin da ya yi a Maijirgi, garin amalanke, ya koyi ɗinkin kayan jaki. Ubansa maharbi ne, bai bar masa bindiga ba, bai bar masa babbar gona ba, sai son kare. A garin da ake gaisawa da kare da jifan hoge, shi nasa hira yake yi da shi kamar baƙo. Safi matarsa takan ce maza biyu take ciyarwa, kuma mai wutsiyar ya fi godiya. Waɗanda suka san Na Allah da tsufa a Kona, zaune gindin itacen bedi da basilla a hannu, makiyaya da masu gadin garka suna layi a gabansa, suna tsammanin haka aka haife shi da wayo. Ba haka ba ne. Wayonsa sai da ya ci ƙafar kare, ya kusa cin wuyansa.

Don kuwa ya sake. Ƙafar Tsinke ta warke, ko da yake ɗingishin bai rabu da shi ba, kuma a damina guda sau biyu ya kori dila daga garken awakin unguwa, har da akuyar Hindu mai ciki. Da wannan Na Allah ya samu bakin roƙo, Iliyasu ya yarda ya sake ɗaukar su wata ranar kasuwa da uwarsa ke fama da ciwon haƙori a gida. Wannan karon Na Allah ya zo da igiya sabuwa fil. Kuma da yake duk wanda ya tashi a ƙasar nan ɗauri ɗaya ya sani, ɗaurin akuya, sai ya zarga wa Tsinke a wuya, ya ƙulla ɗaya bakin a ƙarfen gefen mota. Har ya bar masa igiya kamu huɗu, wai don ya sake ya sha iska. Tausayi ke nan a ganinsa.

Akuya in an ɗaure ta kuka take yi ta ja baya. Kare ba akuya ba ne. Suna ratsa wata ruga karnukan Fulani suka taso da haushi, Tsinke ya ɗora ƙafafu a bakin ƙarfe ya amsa musu, mota ta faɗa rami, sai ga shi a waje, rataye da wuya, yana reto a gefen taya kamar guga a bakin rijiya. Na Allah ya faɗa da ciki a kan ƙarfen, hannu ɗaya ya cafko fatar bayan kare, ɗaya hannun na laluben wuƙa, bakinsa na kiran Iliyasu da Annabi a haɗe. Mutum biyu suka riƙe masa ƙafafu don kada ya bi karen. Da ƙyar ya yanke igiyar ya jawo shi ciki, harshe waje, ido ya juye. Sai da aka zuba masa rabin salkar ruwa ya yi atishawa. Wata guda Tsinke in ya yi haushi sai ka ce zakara ne mura ta kama.

Labari ya riga su isa gida. Hindu ta fito da ƙyalle ɗaure a muƙamuƙi, ciwon haƙorin bai hana ta ba. "Sannu, gwani! Ka sake shi ya karye, ka ɗaure shi ya rataye. Saura mi? Ka goya shi?" Daga ranar Iliyasu ya rantse ba kare a motarsa, sauran shofofin tasha ma in sun hango Na Allah da abin bayansa sai su ce mota ta cika.

Ita Hindu ba'a ta yi, ta wuce abinta. Shi kuwa maganar ta zauna masa. Kwana uku bayan haka yana zaune bakin rijiya yana ɗinkin wasaki, sai idonsa ya faɗa kan Safi. Ta duƙa tana jan ruwa, ta miƙe, ta sake duƙawa, ɗiyarsu ta goye tana barci, ko gezau. Ya dubi majanyin da ya riƙe yarinyar: faffaɗa ne, ya rungume jiki, bai kusanci wuya ba. Ya waiwaya ga jakin amalanke da ke jan ganga biyu na ruwa, da ƙirji yake ja. Kayan da shi da hannunsa ya ɗinka! Ya yar da basilla ya miƙe tsaye ya yi kabbara, har mata suka zaci kunama ce.

Da yamma tsohon majanyin Safi ya ɓace daga kan igiyar shanya. Faɗan da aka yi a gidan ba na faɗa ba ne a nan. Amma bayan mako guda Tsinke ya fito tsakar gari sanye da abin da ba a taɓa gani ba. Majanyin saƙi ne aka ninka aka bi gefensa da fata, ya zagaye ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, wani reshe ya ratsa gaban ƙirjin ya haɗe da shi a kan kafaɗa, inda aka ɗinka zoben ƙarfe irin na linzami. Yatsa biyu na shiga tsakaninsa da jiki, uku ba sa shiga. A zoben igiya biyu ce gajeru, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, yadda kare zai tsaya, ya zauna, ya kwanta, amma ba zai kai ƙafa bakin komi ba. Ƙullin kuwa na fizge ne, ja ɗaya ya kwance. Ya kuma saƙa masa takunkumin kaba sakwa-sakwa, wanda zai bar shi ya yi haki amma ba zai lashi kowa ba.

Gari ya samu abin dariya na shekara. Yara na bin su suna waƙa, Hindu na tambaya yaushe za a yaye shi. Na Allah bai kula ba. A kan amalankensa ya yi ta gwadawa, yau ya ƙara tsumma inda ya ga ya goge gashi, gobe ya rage igiya. Ya gane cewa in kare ya ƙoshi kafin tafiya amai yake yi, in ƙasan da yake kai ya yi zafi ba ya kwanciya, in ba inuwa ba hankalinsa ba ya zama. Shekara takwas yana wannan, kuma a shekara takwas ɗin nan ba shofer ɗin da ya yarda a gwada abin a mota.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. An yi shuka sau uku, sau uku rana ta cinye. Rumbuna suka koma ɗakin gizo-gizo, mata suka shiga jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don a kashe ɗacinta, shanu na faɗuwa a bakin rijiyar da ta koma laka. Tsinke ya tsufa, bakinsa ya yi fari, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa, amma shi ke tono gafiya ya kawo ƙofar Safi ya ajiye, kuma a shekarar nan ba wanda ya tambayi bakin wa ya taɓa naman.

Iliyasu a lokacin ya bar bashe, kamyo yake ja, babbar motar kaya, yana kai jar dawar taimako ƙauyukan arewa ya komo wayam. Ya samo izini ya kwashi mutanen unguwarsu ya kai su Kona, inda danginsu suka ce ruwa na kusa a fadama, ana haƙa rijiyoyin noman rani. Mutum talatin da 'yan kai za su tafi, da tabarmi da tukwane da awaki huɗu da suka rage. Da safe ana lodi Na Allah ya iso da Safi da yara, da Tsinke cikin majanyinsa.

"Kawu," in ji Iliyasu yana kallon ƙasa, "ka san na rantse."

"Na sani. Ka dubi garin ga, Iliyasu. Wa zan bar wa shi? Ba ruwa, ba mutum. Kwana uku ba zai yi ba. Da ƙafa kuma ba ya kai Tasawa, bare Kona."

"Ni ba ni da ta cewa. Ga Inna nan."

Hindu tana tsaye da hannu a ƙugu. Yunwa ta rage mata jiki amma ba ta taɓa harshen ba. Ta dubi karen tun daga takunkumi har wutsiya, ta daɗe. Watakila ta tuna akuyarta mai ciki, watakila ta tuna gafiya. Ba ta faɗa ba.

"Shofer zai yi kaffarar rantsuwarsa," in ji ta. "Amma da sharaɗi, kowa ya shaida. Zan ja masa layi. In ya ƙetare layin, ko ya taɓa mutum ɗaya a motar ga, ko da da wutsiya ne, inda muke nan za a sauke shi. Ko tsakiyar daji ne. Ka yarda?"

Na Allah ya dubi ɗinkin hannunsa, wanda bai taɓa sanin gudun mota ba. "Na yarda."

Bai kai shi baya wajen ƙofa ba, inda mota ta fi tsalle. Gaba ya kai shi, jikin kabin, a tsakiya. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma ninki biyu saboda zafin ƙarfe, ya ɗaura zanen Safi a sama ya yi inuwa, ya ƙulla igiya ɗaya a ƙarfen dama, ɗaya a na hagu, ya ja kowace da dukan ƙarfinsa har sau uku. Ya naɗe wutsiyar ma ya tura ta ƙarƙashin kare yana yi masa raɗa. Hindu ta ɗauko gawayi ta zagaye tabarmar da baƙin layi. Sannan ta sa aka kife mata turminta dab da layin, ta hau ta zauna ta harɗe hannu. "Ni ce alƙali," in ji ta. "Ko ƙiftawa ba ni yi."

Aka tashi. Kamyo na nishi cikin rairayi, yana faɗawa rami yana fita, mutane na karo da juna, tukwane na kuka. Na Allah kuwa idonsa na kan igiyoyin nan biyu. Suka wuce mushen saniya da angulaye a kai, Tsinke ya miƙe, hancinsa na rawa cikin takunkumi. Ya yunƙura. Igiyar dama ta ce a'a, ta hagu ta ce a'a. Ya yi tsaye jim kaɗan, ya saki wani dogon numfashi irin na tsofaffi, ya koma ya kwanta. Na Allah ya ji kamar ya tashi ya yi rawa.

"Na gani," in ji Hindu. "Farcensa ya kusa."

"Kusa ba ta cikin sharaɗi."

Da aka tsaya shan ruwa, Na Allah ya kwance takunkumi ya ba shi nasa rabon a tafin hannu, ya mayar. A shingen shiga Tasawa wani soja ya taka taya ya leƙo, bindiga a kafaɗa, kowa ya yi tsit. Ya dubi mutane a cakuɗe da kaya, wani kan wani, ya dubi awaki da suka naɗe igiyoyinsu suna shaƙe juna, sannan ya dubi kare kwance a inuwa kan tabarma ninki biyu, da layi zagaye da shi.

"Wannan fa? Shi ne mai motar?"

Ba wanda ya yi ƙarfin halin dariya sai da sojan ya fara. Ya sa hannu ya ja igiyar ya ji ƙarfinta, ya girgiza kai ya ce duk motar fasinja ɗaya ne ya san yadda ake zama, ya ɗaga musu sanda.

Bayan Tasawa suka saki babbar hanya suka kama ta Kona. Rana ta karkata, mutane sun fara sakin jiki, wata mata har ta fara 'yar waƙa. Suna gangara wani kwari da gudu, don in ba gudu rairayi zai riƙe su, sai tayar gaba ta fashe. Ƙara kamar bindiga! Kamyo ya yi hagu, Iliyasu ya fizgo shi dama, ya hau gaɓar kwarin da ƙafa biyu ya karkace kamar zai kwanta. Salati ya tashi. Mutane, tukwane, tabarmi, awaki, duk suka gangara gefe guda. Turmin Hindu ya mirgine daga ƙarƙashinta, ya daki ƙarfen gefe, ya tsallake ya faɗa ƙasa ya rabe biyu. Ita ma hanyar da za ta bi ke nan, don nauyinta bai kai na turmin ba. Tana cikin iska hannunta ya cafki abin da ya samu.

Mota ta yi lilo, ta yi tunani, ta koma kan ƙafafunta huɗu ta tsaya.

Da ƙura ta lafa aka fara ƙirga kai. Goshi ya fashe, gwiwa ta goge, tukwane uku sun tafi, akuya ɗaya sai da aka yi maza aka yanke igiyar wuyanta. Ba wanda ya faɗa waje. Sannan ido ya koma gaba. Tsinke na nan inda aka ajiye shi, ƙafafu a tale, igiya biyu sun miƙe kamar tsirkiya. A jikinsa kuwa ga Hindu, hannu biyu cikin majanyi, kumatunta manne da wuyansa, ta rungume shi kamar ɗan da ya dawo daga Makka. Ɗinkin Na Allah ya ɗauki kare, ya ɗauki tsohuwa, ko zare bai tsinke ba.

Na Allah ya daka tsalle. "Ya riƙe! Safi, kin gani? Ya riƙe! Majanyinki ne!" Yana dariya yana hawaye yana shafa zoben ƙarfe.

Hindu ta buɗe ido ɗaya, ta ga abin da take rungume da shi. Ta buɗe na biyu, ta ga mutum talatin na kallonta. Ta saki a hankali, ta miƙe, ta gyara kallabi, ta kakkaɓe jan gashin da ya manne mata a zane. Kun san halin mutum: da ta mutu a ƙarƙashin mota da an yi mata kuka, amma wannan za a yi ta ba da labarinsa har jikokin jikoki. Sai ta nuna kare da yatsa.

"Ya taɓa ni. Kowa ya gani. Sharaɗi ya karye. Shofer, a sauke shi!"

Na Allah ya bar dariya. Ya dubi dajin da suke ciki, ba gida, ba rijiya, ba ko inuwar kirki. Iliyasu ya hauro yana share jinin leɓe, ya dubi uwarsa, ya dubi kawunsa. A gaban mutane ba zai ce mata ƙarya take ba.

"Inna, ai da ba don shi ba..."

"Da ba don shi ba mi? Na ce ko da wutsiya. Wanga kuwa da jiki duka ya taɓa ni. Ga gashinsa nan!"

Ɗan Malam, wanda tun ranar zomo yake ɗaure rawaninsa da ƙulli biyu in zai shiga mota, ya rarrafo ya duƙa a kan layin gawayi kamar mai duban sawun ɓarawo. "To, ga ƙafar kare huɗu, duk suna ciki," in ji shi. "Ga kuma sawun gwiwa biyu, su ma suna ciki. Kare dai ba shi da gwiwa irin wagga."

"Layin ya goge! Kuma kai, Malam, da idonka ɗaya da rabi, wa ya sa ka shaida?"

"Hindu, ki ji tsoron Allah," in ji Safi.

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa ba ni karya sharaɗi. Taɓawa taɓawa ce. An ce wa ya fara? Ni ban ce wa ya fara ba!"

Gardama ta kaure. Masu canza taya suka bar taya suka hauro, wasu na cewa sharaɗi sharaɗi ne, wasu na cewa a yi wa kare adalci, Hindu na amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya ba ta ko haki. Na Allah ya san ta tun suna wasan ƙasa. Ya san ba ran karen take so ba, hanyar sauka take nema daga inda ta hau, kuma in aka ci gaba da yi mata wa'azi sai ta sa an sauke karen don kawai kada a ce ta ji. Da taubashi kuwa ba a sasantawa da roƙo.

Sai ya buɗe taikinsa ya zaro sauran igiya, ya matso kusa da ita, ya miƙa igiyar daga kafaɗarta ta dama zuwa ta hagu ba tare da ya taɓa ta ba, ya ƙulla alama. Ya koma gefe ya auna daga haƙarƙari zuwa baya, ya sake ƙullawa, yana gyaɗa kai yana motsa baki. Hayaniya ta fara raguwa. Hindu ta bi igiyar da ido.

"Kai kuma mi kake aunawa?"

Amsar da ya ba ta ce ta kai Tsinke Kona, inda ya ƙara shekara biyu yana gadin garkar albasa, ya mutu a inuwa da cikinsa cike. Don da ya faɗe ta motar duka ta kwashe, Iliyasu ya zauna daɓas a kan buhu yana riƙe ciki, ita kanta Hindu ta ja kallabi ta rufe fuska kafaɗunta na rawa, kuma ba ta sake ɗaga zancen sauke kowa ba.

"Ƙirjinki nake aunawa, taubashiya," in ji Na Allah. "Gaskiyarki, fasinjan da ke faɗa wa mutane a mota bai kamata a bar shi sake ba. Kafin a gama sa taya zan ɗaure ki nan gefensa. Majanyi akwai, igiya akwai. Takunkumin ne kawai za ki yi mini haƙuri, kabar ƙasar Tasawa duka ba ta isa bakinki ba."